Ƙahon Babanmu a Bayan Iware

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Majidaɗi a Jalingo, ni da autanmu, ko shayi ban tsaya sha ba. Tun makon jiya masu bibiyata ke tambayar ina na shiga, me ya sa kuma duk wanda ya kira ni a waya sai ya ji numfashi kawai babu magana. To ga labarin. Bayan Iware muka je, ƙauyen da aka haifi babanmu, muka yi kiran dila. Amma gara in faɗi gaskiya tun daga farko, ni ba dila na je nema ba.

Bappanmu, ƙanin babanmu, shi ya aiko mana. Ya ce diloli sun hana mata kiwo, akuya ba ta isa ta haihu a bakin daji ba sai a nemi ɗan a rasa, har 'yan tumaki sun fara taɓawa. Ya ce mu zo mu biyu. A ƙarshen saƙon ya ƙara da cewa ƙarfinsa ya ƙare, yana so ya sauke amanar da ke hannunsa. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Amanar ƙaho ce, guntun ƙahon gwanki da aka naɗe wuyansa da jar fata. Da shi marigayi babanmu yake kiran dila, har sunansa na yanka ya ɓace, daga Jalingo zuwa Iware kowa Mai Ƙaho yake ce masa. Shi ya kira, Bappa ya harba, haka suka yi har tsufa. Da Baba ya rasu sai Bappa ya ɗauke ƙahon, ya ce zai ajiye har ya ga wanda ya dace da shi a cikinmu.

Ni ban ga abin dubawa ba. Ni na bi Baba daji, ni sauro ya ci, ni ƙaya ta soka, ni na koyi kukan da ake kiran dila da shi. Auta bai taɓa kiran ko kaza ba. Harbi ya iya, wannan ba zan hana shi ba, yana cikin ƙungiyar maharba, da kakinsa da hularsa. Saboda haka kafin mu tafi na nemo ƙusa na kafa a bangon ɗakina, daidai saitin kan gado. Matata ta tambaye ni ta mece ce, na ce za ki gani.

Tun daga ƙofar gida aka fara ba ni haushi. Dada, mahaifiyarmu, ta fito da ƙullin dambun nama ta cusa wa Auta a aljihu, ta ce ya kula da rana. Ni kuma ta miƙo mini ledar goro da sabulu in kai wa Goggo, ƙanwar Baba, ta ce kar in matse su. Ban ga laifinta sosai ba. Auta ya kwaso Baba kaf: tsawon, dogon hancin, wushiryar, har yadda yake karkata kai in ana yi masa magana. Ni dangin Dada na biyo, gajeru masu faɗin kafaɗa, waɗanda in za a ɗauki hoto ake cewa su dawo gaba. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma in mun jera sai a zaci mai riƙe masa jaka ne ni.

Keke mai ƙafa uku muka hau zuwa tasha. A kan gadar Mayo Gwoi na leƙa ƙasa, bazara ta shanye kogin sai yashi da 'yan kududdufai, masu wanki sun riga sun baza zannuwa, masu ɗiban yashi suna ta loda wa tifa. Zafi ya fara tun rana ba ta gama fitowa ba, irin mai manne wa mutum riga a baya. A tasha na tarar kuɗin mota ya kusa ninka na bara, na tsaya ina ciniki da ɗan kamasho kamar motar zan saya. Yana hango Auta ya bar ni da baki buɗe.

"Oga maharbi! Gaba, gaba, kujerarka ce."

Har da kakkaɓe masa kujerar da hula. Ni aka tura ni baya, tsakanin wata mata mai jarkar manja da wani bawan Allah da ya yi barci a kafaɗata tun ba mu fita gari ba.

Titin Wukari muka ɗauka. Wani wurin sumul, wani wurin sai direba ya sauka ya bi gefe don ƙasar ta fi kwaltar daɗin tafiya. Duwatsun Jalingo suka raka mu har suka gaji suka koma baya. Mangwaro kuwa tuli-tuli a bakin hanya, shi kaɗai ne abin da bai yi tsada ba a bana, mata na bin ka da faranti kamar kyauta za su ba ka. An share gonaki, manoma 'yan ƙabilar Mumuye sun tayar da kunyoyin doya sun ɗora wa kowace 'yar hular ciyawa, kowa na duban gabas yana jiran ruwa. Duk shingen da muka tsaya sai an leƙo an ce, "Maharbi, ina zuwa?" a yi dariya a janye katako. Ba mu ɗauko bindiga ba, ta Bappa na can tana jira, amma a shinge na ƙarshe ni aka ce in buɗe ledar goro.

Mun sami Iware ranar kasuwa. Shanu sun cika kara, manyan motoci sun jeru ana loda musu za su yi kudu, dillalai na ta kama hannun juna a ƙarƙashin riga. Na zaga wajen awaki don in ji farashi, na ji, na ja da baya. Abin da ake sayar da akuya mai ciki yanzu, da can da ɗan maraƙi za ka koma gida. A nan na gane cewa kukan matan ƙauyenmu ba na wasa ba ne. Akuyar mace ita ce asusunta, ita ce maganin ɗanta in ya kwanta, ita ce zanen sallarta. Muka zauna wajen wata Bamumuya mai soya doya, doyar nan fara tas, mai gari, ga yaji mai ƙuli. Ta zuba mana daidai wa daida, sannan ta tsamo wata babba daga cikin mai ta ɗora wa Auta.

"Kai dogo, ɗauka wannan, shi ne yana da zafi." Ta juyo gare ni. "Baba, naka ya isa ko?"

Na ce ya isa. Bai isa ba.

Daga Iware sai acaɓa, ta hanyar yashi mai ratsa giginyu da ɗorawa. Mai babur ɗin Auta ya wuce kamar iska, nawa ya kafe a yashi har sai da na sauka na tura. Ko da na isa ƙauyen an riga an kewaye Auta. Tsofaffi na riƙe da hannunsa suna yi masa maraba, "Jabbama, jabbama," wata tsohuwa na shafa fuskarsa tana hawaye tana cewa Mai Ƙaho ya dawo. Na tsaya a baya da ledar goro har aka gama, sannan wani ya waiwayo ya ce, "A'a, ashe har da babban."

Bappa ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Gwiwoyinsa sun kumbura, ido ɗaya ya yi fari, amma tsohuwar bindigarsa mai baki biyu tana sheƙi da mai. Ina shiga ɗakinsa na ga ƙahon a rataye a jikin bango. Na kasa ɗauke ido daga kansa. Bayan mun gaisa mun sha kindirmo, na sunkuyar da kai na ce ko zai ara mini shi don aikin da ya kawo mu.

"Sai an gama aiki," in ji shi. "Ƙahon nan ba na wasa ba ne. Tun da yayana ya tafi nake busa shi, iska kawai yake ba ni. Ya ƙi ni. Ɗan mai shi yake jira."

Na ƙara sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Ƙahon nan ba ya busuwa. Babu komai a cikinsa, rami ne kawai daga wannan baki zuwa wancan. Kukan daga maƙogwaron Baba yake fitowa. Aikin ƙahon shi ne ya tattara kukan, ya gyara shi, ya jefa shi nesa, sannan ya rufe bakin mai yi. Wannan na ƙarshen shi ya fi damun Baba. Ranar da ya nuna mini ya ce, "Magidanci ba ya wangale baki yana kukan akuya a gaban surukansa. In da ƙaho, kai maharbi ne. In babu, sai a ce ka taɓu. Kada ka faɗa wa kowa, har Bappanka." Na riƙe maganar nan shekara da shekaru, kuma dalilin da ya sa nake faɗinta yau yana nan zuwa. Abin da nake so ku gane shi ne, ba ado na je nema ba. Mutuncina na je nema, da sunan ubana.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, kiran dila ba ihu ba ne. Dila yana zuwa ne don ya ji wani abu ƙarami yana cikin wahala, yana so ya riga kowa kaiwa. Da farko ka duba iska: ka ɗebi busasshiyar ƙasa ka saki, ka zauna iskar tana bugun fuskarka, rana kuma a bayanka don ta kashe masa ido. Ka jingina da kututture ko sabara don kada ya ga siffar mutum. Ka yi shiru har tsuntsayen da ka tayar su koma harkarsu. Sannan ka fara, ƙasa-ƙasa, don wataƙila yana kwance kusa da kai. Kukan gajere ne mai yankewa, saboda ɗan akuya ba shi da ƙirjin babban mutum, wanda duk ya ja kuka dogo ya tona kansa. Ka yi kaɗan ka tsaya, shirun ya fi kukan yawa. Dila kuma ba ya zuwa kai tsaye, sai ya zagaya ta inda iska za ta kai masa wari, shi ya sa mai bindiga ke zama can gefe yana tsaron wannan ɓangaren. In ya zo ya toge, sai ka tsotsi bayan hannunka ya yi tsuwwa irin ta ɓera. Kuma sau ɗaya ake yaudararsa. In aka kuskure shi, ya haddace muryarka ke nan.

Bayan la'asar muka fita gwaji na farko. Bappa ya ce sai ya je ya gani da idonsa mai kyau, gwiwoyinsa kuma ba za su kai shi nesa ba, don haka muka zauna a bakin wani busasshen rafi a bayan gari. Rabin ƙauyen suka biyo mu suka tsaya can ƙarƙashin ɗorawa. Baba yana da doka: ba a kukan ɗan akuya inda uwa za ta ji, kusa da gari kukan zomo ake yi. Na fara da zomo, na rufe baki da tafin hannu gwargwadon iko. Shiru. Na sake. Shiru. Na saci kallon Bappa na ga yana hamma, ya juya yana kallon yadda Auta ya riƙe bindiga yana gyaɗa kai. Raina ya ɓaci. Na ce yau sai ya ji abin da Baba ya bari a wuyana. Na sauke hannu, na buɗe baki, na saki kukan ɗan akuya, wanda na fi iyawa.

Amsa ta zo nan da nan, sai dai daga bayanmu. Duk akuyar da dila ya ɗauke wa ɗa a ƙauyen nan ta tsinke igiya ta taho a guje, hantsa cike da nono tana kaɗawa. A bayansu ga Goggo da muciya a hannu, ɗankwali ya zame, tana ihu a kawo ɗauki dila ya kama wani. Wata jar akuya ta riga kowa isowa. Ta tsaya a gabana tana haki, ta shinshina gwiwata, ta leƙa bayana, ta dube ni ta yi wani siririn kuka. Wallahi ita kam ta ba ni tausayi. Sauran jama'a kuwa dariya suke har da faɗuwa. Auta ya ajiye bindiga ya kwanta a yashi yana riƙe ciki. Jar akuyar nan ta biyo ni har masauki ta tsaya a bakin ƙofa, kafin magariba mata sun raɗa mini suna. Duk wadda ta wuce sai ta rusuna ta ce, "Sannu da hutawa, ɗan jar akuya." Da ƙahon na bakina da cewa za a yi kayan aiki ne suka yi ƙarfi. Da yake bakina ne tsirara, ni ne abin dariya. Tuwon masara da miyar kuka aka kawo mana, da man shanu, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari da asuba muka fita mu biyu kawai. Muka yi tafiya mai nisa har gindin wani dutse inda mata suka ce nan suke ganin sawu. Sun ce diloli biyu ne, macen mai yankakken kunne ce, ita ce uwar ɓarnar, namijin na bin ta a baya. Na saki ƙasa na ga inda iska ta nufa, na nuna wa Auta wani kalgo, ya je ya zauna. A nan dole in yaba masa ko ba na so: in ya zauna ko ƙiftawa ba ya yi, ƙuda zai sauka a hancinsa ya gama abin da yake yi ya tashi. Na jingina da kututturen kaɗanya, rana na fitowa a bayana, na jira daji ya manta da mu.

Na fara a hankali. Na tsaya. Na ƙara. Hankaki ne suka fara zuwa, suka sauka a kan kaɗanyar suna leƙe, wannan kuwa alama ce mai kyau, don dila na bin inda suka taru. Amma ita ba ta fito ba. Tsohuwar ɓarauniya ce, ta san akuya ta san mutum. Na yi ta yi, ina kuka ina shiru, har rana ta ɗaga, har na fara jin ɗanɗanon jini a maƙogwarona. Babu ƙaho, dole in matse wuya in tura kukan da ƙarfin tsiya don ya kai gindin dutsen. Can sai hankakin suka yi tsit. Na ga wani abu toka-toka ya gilma ta hagu, yana zagaye kamar yadda na sani. Ta zo bayan wani suri ta toge, kunne ɗaya da rabi kawai nake gani. Na ɗaga hannu a hankali na tsotsi bayansa. Tsuwwa ɗaya. Ta ɗaga kai. Na ƙara rabi. Ta fito da ƙirji waje, bindiga ta tashi.

Namijin ya zabura daga cikin ciyawa ya nufi dutse. In ya tsira, ya tafi da muryata. Na tattara abin da ya rage a wuyana na yi kukan dila mai rauni, kai-kai-kai, irin wanda suke yi in an taka su. Ya ci birki ya waiwayo neman matarsa. Baki na biyu ya tashi. Auta ya miƙe ya dube ni, ni Hammansa, wato yayansa, ya ce, "Hamma, wallahi kamar Baba." Na buɗe baki in amsa, sai iska. Murya ta tafi. Maganar da na fi shekaru ina son ji ke nan, kuma a daji aka faɗe ta, inda babu shaida sai suri da hankaki.

Shigarmu gari sai guɗa. Aka karɓe dilolin daga kafaɗata, don ni na ɗauko su, aka shimfiɗa a gaban Auta aka yi ta ɗaukar hoto. Mata suka zo suna nuna yankakken kunnen suna tofa mata yawu. Aka yanke wutsiyoyin aka ba shi, haka al'adar take, wanda ya kayar shi ke da wutsiya. Wata ta kawo masa zakara, wata ƙwaryar fura. Ya ɗaga hannu ya ce, "Hamma ne fa ya kira su." Sai tsofaffi suka ce, "Allahu akbar, ku ji kunya irin ta ubansa!" Wato gaskiyar da ya faɗa ma lada ta ƙara masa. Na tsaya a gefe ina murmushin dole, jar akuya na lasar mini gefen riga. Kishi nake ji, tsantsarsa, irin mai sa kunnuwa zafi.

Bappa ya sa aka fito masa da kujera. Ya shiga ɗaki da kansa ya fito da ƙahon a hannu biyu. Na gyara tsayuwa. Ya dube ni da idonsa mai kyau.

"Kai na ji ka jiya, bakinka ya ishe ka, har awaki sun shaida." Aka yi dariya. "Wannan kuwa ga hannu, ga fuskar mai shi. In ya haɗa da ƙaho ya cika maharbi. Zo nan, Auta."

Na yunƙura in ce Bappa a duba, abin da ya fito bai fi hucin tayar keke ba. Bappa ya ce, "Kun gani, yayansa ma ya yarda, ko uffan bai ce ba." Aka rataya masa. Jama'a suka ce ya busa a ji. Ya cika kumatu ya busa: fuuu. Ya sake: fuuu. Bappa ya ce a yi haƙuri, sai ya saba da shi. Ba zan ɓoye muku ba, fuuu ɗin nan ita ce abu mafi daɗi da na ji a tafiyar gaba ɗaya.

Goggo ce kaɗai ta neme ni. Ta same ni a bayan ɗaki ta miƙo mini kofin ruwan zafi da citta da zuma. Ta zauna tana kallona ina sha.

"Haka babanku yake dawowa, ba murya, ni ke dafa masa wannan," in ji ta. Ta rage murya. "Busa ƙaho yana dishe mutum ne? Mu mata mun sani tun da daɗewa. Mun dai yi shiru ne don kada ya ji kunya."

Na kusa ƙwarewa. Asirin da na ɗauka ni kaɗai ke riƙe da shi a duniya, ashe duk wata mai daka a ƙauyen nan ta san shi. Bappa ne kawai bai sani ba, shi kuma ba ya karanta waya, shi ya sa kuka ga na rubuta.

Dawowa ba ta yi mini daɗi ba. Auta na gaba da ƙaho a wuya da zakara a cinya, tun daga tashar Iware aka fara ce masa Mai Ƙaho. Ni ko ciniki ban iya yi ba, abin da ɗan kamasho ya faɗa shi na bayar. Muna hango duwatsun Jalingo hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauko, ƙamshin ƙasa ya cika motar, kowa na hamdala. Gilashin ɓangarena ne kawai ba ya rufuwa. Na shiga gida a jiƙe. Matata ta dubi hannuna, ta dubi ƙusar da ke bango, ta ɗauki hulata ta rataya a kai.

Gida ɗaya muke da Auta, ɗakinsa na fuskantar nawa, na Dada na tsakiya. Kullum da yamma sai in ji fuuu, fuuu daga can, ni kuma ina kwance ina shan citta ina jin daɗi. Shekaranjiya, muryata ta dawo ke nan, ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofata da ƙahon a hannu.

"Hamma, ina ga wani abu ya faɗi daga cikinsa. Ko za ka duba?"

Ga ƙusa a bayana. Da na ce bar shi in gyara, da ya bari, kuma da gyaran ba zai ƙare ba har abada. Na yi wannan tunanin, na daɗe ina yin sa. Na karɓa. Yana warin fata da goro, ga gurbin haƙoran Baba a bakinsa. Ban san lokacin da na kai shi bakina ba. Na yi kukan, gajere, mai yankewa. Abin da ya fito ba irin nawa na bakin rafi ba ne. Ya fito a dunƙule, mai zurfi, ya haye katanga, awakin maƙwabta suka ɗauka gaba ɗaya.

Labulen Dada ya ɗaga. Ta fito ba takalmi, carbi a hannu, ba mu ta duba ba, ƙofar zaure ta duba, inda Baba kan tsaya ya gwada ƙahon kafin ya fita. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta juyo wajen Auta, ta ga hannunsa babu komai. Sannan ta dube ni. Ban tuna ranar da ta yi mini irin wannan kallon ba.

"Ashe kai ne," in ji ta. Ta share ido da bakin zane ta koma ɗaki.

Na zaunar da Auta na gaya masa komai, na ce babu abin da ya faɗi, wuya ne, kuma in yana so ya zo in koya masa, amma can bayan gari inda ba awaki. Na mayar masa da ƙahon. Kada ku ce kirki ne. Bappa ya bayar a gaban jama'a, ni kuma ban isa in tayar da maganarsa ba. Ƙahon na nan a ɗakin Auta, hulata na nan a kan ƙusa, kuma duk lokacin da na ji an ce masa Mai Ƙaho a layi sai kunnuwana su yi zafi.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. In za ku Iware ku tafi da wuri, ku ci doyar bakin kasuwa, ku guji kujerar da gilashinta ba ya rufuwa. Kada ku yi kukan ɗan akuya kusa da gari ko wa ke kallo. Mai kira kuma ya sani tun kafin ya zauna cewa wutsiya ba tasa ba ce, Baba ya yi shekarunsa a haka, ban taɓa tambayarsa ko abin na ci masa rai ba, yanzu kuma babu halin tambaya.

Jiya da safe zan fita kasuwa Dada ta kira ni. Ta cusa mini ƙullin dambun nama a aljihu, ta ce in kula da maƙogwarona, in daina shan ruwan sanyi. Sai da na fita zaure na ciro shi na auna a tafin hannu. Bai kai wanda ta ba Auta girma ba. Na tsaya a nan inda Baba kan tsaya na cinye shi tas.